Dokar Da Ke Kan Kamfanin Waya, Da Yadda Take Sauka A Kanmu

Jawabin da kwamitin wayar da kai ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Sabo, Ibadan



An ɗora mana nauyin yin bayani a yau a kan abin da kusan kowa a nan yake ɗauke da shi a aljihu, wato wayar salula. Dalili kuwa shi ne, cikin koke-koken da ake kawowa ofishin ƙungiya, in aka cire rigimar haya da ta masu karɓar haraji a kasuwa, na layin waya ne suka fi damun mu. Wannan an rufe masa layi, wancan an ce sunan da ke kan layinsa ba nasa ba ne, waccan kuɗin katinta na zurarewa ba ta san inda suke tafiya ba. Duk wanda ya zo, kamfani yake zagi. To, ba mun zo mu wanke kamfani ba ne, yana da nasa laifin. Amma mun lura cewa yawancin abin da ke samun layukanmu ba daga ofishin kamfani yake farowa ba. Daga Abuja yake tasowa, daga wata doka ko wani umarni da aka ba kamfanin, shi kuma ya juyo ya sauke a kanmu. Wanda bai san dokar da ke kan kamfanin ba, ba zai iya bambance ranar da aka zalunce shi da ranar da shi ne ya yi sakaci ba.

Dattawanmu da ke zaune a sahun gaba sun san zamanin da labarin gida yake zuwa a bakin direban babbar mota. Maigida mai fataucin goro zai rubuta wasiƙa da ajami, ya ba direban da zai tafi Kano, ya zauna jiran amsa kafin ya san farashi. Mai lalurar gaggawa kuma ya tafi gidan waya ya buga tangaraho, ko ya je ofishin NITEL ya bi dogon layi, ya kira gidan wani attajiri a garinsu, ya roƙi a aika yaro ya kira masa ɗan'uwansa, sannan ya sake bin layi. An kafa kamfanin NITEL a shekarar 1985, lokacin da aka haɗe sashen tarho na ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje. Shi kaɗai ne a fage, ba shi da abokin gasa. Gwamnati ce mai kamfanin, ita ce mai yi masa doka, ita ce kuma babbar mai cin bashinsa, domin ma'aikatu sukan yi ta buga waya ba su biya ba. Wa zai kai ƙarar wa? Har zuwa shekarar 2000, layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100.

Abin da ya canza wannan hali doka ce. A 1992 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCC, da dokar soja mai lamba 75. Sai dai hukumar ba ta yi ƙarfi sosai ba sai bayan dawowar mulkin farar hula. A watan Janairu na 2001, ƙarƙashin jagorancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, inda kowane lasisi ya tashi a kan dalar Amurka miliyan 285. MTN da Econet suka biya suka karɓa, suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara. An ware wa NITEL nasa lasisin ba tare da ya shiga gwanjon ba. Daga nan sai Majalisar Ƙasa ta zartar da Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ta ba hukumar ikon bayar da lasisi da ƙwace shi, da duba farashi, da cin tara, da sauraron ƙorafin masu amfani da waya. Wannan doka ita ce tushen duk abin da za mu faɗa a yau.

Ku dubi abin da ya faru da NITEL bayan an buɗe ƙofa. Yana da gine-gine a kowane babban gari, yana da wayoyi a ƙarƙashin ƙasa, yana da hannu a igiyar sadarwa ta cikin teku, amma bai saba da gasa ba, kuma komai zai yi sai ya jira sa hannun ma'aikata a Abuja. Aka yi ta neman mai saye. Wani kamfani daga Landan ya yi tayi a 2001, ya kasa biya. Aka ɗauko Pentascope daga Holan a 2003 don ya tafiyar da shi, aka soke yarjejeniyar a 2005. Transcorp ya saya a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009. Ma'aikata suka yi watanni ba albashi. A ƙarshe, a watan Disamba na 2014, aka sayar da kadarorinsa ga NATCOM a kan dala miliyan 252, wato ƙasa da kuɗin lasisi guda ɗaya na 2001. Kamfanin da ya yi shekaru ba mai ce masa don me, ranar da aka ce ya tsaya da ƙafarsa sai ya faɗi.

Sababbin kamfanonin ma da farko ba tausayinmu suka ji ba. Da yawa a nan sun sayi layi a kan Naira 20,000 ko fiye, kuma kiran minti ɗaya Naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi kana cewa "ba na jin ka" sai an cire kuɗin minti cikakke. Daga nan muka koyi filashin. Kamfanonin suka ce lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Sai hukuma ta ba Globacom lasisi, ya shigo a watan Agusta na 2003 da lissafin daƙiƙa, a ranar 19 ga Satumba na shekarar kuma jama'a suka kashe wayoyinsu don nuna fushi, ba a daɗe ba abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a ko'ina. Wannan ya nuna mana cewa lasisi ɗaya da hukuma ta sa wa hannu yana iya rage wa mai sayar da albasa a Shasha kuɗin kiran gida.

Yanzu bari mu zo kan babban misali, wanda ya fi shafar mu kai tsaye. A shekarar 2011 hukumar NCC ta fitar da ƙa'idar rajistar layukan waya. Ƙa'idar ta ce kowane layi sai an ɗauki sunan mai shi da hotonsa da zanen yatsunsa, kuma duk kamfanin da ya bar layi yana aiki ba cikakkiyar rajista, za a ci shi tarar Naira 200,000 a kan kowane layi guda. Aka yi shekaru ana jan ƙafa. A watan Agusta na 2015 hukumar ta ba kamfanoni wa'adin mako guda su katse irin waɗannan layuka. MTN, wanda ya fi kowa yawan masu hulɗa, bai katse nasa a kan lokaci ba, kuma layukan sun kai miliyan 5.2. Sai hukuma ta ɗauki alƙalami ta yi lissafi: miliyan 5.2 sau 200,000. A watan Oktoba aka sanar da tarar Naira tiriliyan 1.04, kimanin dala biliyan 5.2 a canjin wancan lokaci.

Mu da muke kasuwanci mun san abin da wannan ke nufi. Kamfanin ya ƙi katse layukan ne domin kowane layi kuɗi ne ke shigowa, ya ɗauka za a yi magana a wuce kamar yadda aka saba. Hannun jarin uwar kamfanin ya faɗi a kasuwar Johannesburg, shugabanta Sifiso Dabengwa ya ajiye aiki a watan Nuwamba. Kamfanin ya garzaya kotu, daga baya ya janye ƙarar. Gwamnati ta kafe a kan cewa magana ce ta tsaro, domin masu satar mutane da 'yan tayar da ƙayar baya da layukan da ba a san masu su ba suke aiki. A watan Yuni na 2016 aka daidaita a kan Naira biliyan 330, a biya cikin shekaru uku, tare da sharaɗin kamfanin ya sa hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Nijeriya. Ya yi hakan a watan Mayu na 2019, a watan ne kuma ya kammala biyan tarar. A ganinmu hukuma ta yi daidai da ta nuna doka ba wasa ba ce, ko da yake adadin farko ya yi yawa, don da an tsaya a kansa da an durƙusar da kamfanin da miliyoyin mutane ke dogaro da shi.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, tun daga wannan tara, babu kamfanin waya a ƙasar nan da zai sake yi wa wani kara a kan rajista. In hukuma ta ce a rufe, rufewa za a yi, ko kai wane ne, domin layinka ba ya kawo wa kamfani abin da zai kai Naira 200,000. Kuma a nan ne mu mazauna nesa da gida muke da rauni. Yaro zai sauka daga mota a Ojoo, ya ga mai lema yana sayar da layi "an riga an yi masa rajista", ya biya ya sa a waya. Maigida zai aiki yaron shago ya yi masa rajista da sunansa don ba shi da lokacin bin layi. Mata da yawa layukansu da sunan miji ko ƙane aka yi su. Akwai wani ɗan'uwanmu mai harkar shanu da muka raka ofishin wani kamfani bayan wayarsa ta ɓata, yana neman a dawo masa da lambarsa. Shekara da shekaru yana amfani da lambar, duk abokan cinikinsa daga Arewa ita suka sani, asusunsa na banki a kanta yake. Da ma'aikaciyar ta buɗe kwamfuta sai ga hoton wani mutum da bai taɓa gani ba. Ya yi rantsuwa, muka yi shaida, Sarkin Fawa ma ya aiko da takarda. Ta ce ta yarda da mu, amma in ta ba shi layin ita za a kora. Haka muka dawo. Ba ta zalunce shi ba, dokar da ke kan kamfaninta ta bi.

Daga baya maganar ta ƙara tsauri. A watan Disamba na 2020, zamanin da Isa Ali Ibrahim Pantami ke ministan sadarwa, gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta kuma dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa watan Afrilu na 2021. Ku yi tunanin ɗan kasuwar da aka hana karɓar sabon mai ciniki wata huɗu. A watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layuka yin kira. A ƙarshen watan Yuli na 2024 aka sake rufe wasu, mutane suka yi dafifi a ofisoshin kamfanoni, har aka yi ɓarna a wasu wurare, hukuma ta ba da umarnin a buɗe na ɗan lokaci, sannan ta sa ranar 14 ga Satumba, 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Abin da ya fi kayar da mutanenmu a wannan zagaye shi ne saɓanin suna. A katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammad, a rajistar layi Mohammed, a banki Mamman. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi a wuri ɗaya, a wani wurin ya sa sunan kakansa. Ma'aikacin da ke rubutawa a nan Kudu sau da yawa bai san sunayenmu ba, yadda kunnensa ya ji haka zai buga. Kwamfuta kuwa ba ta san cewa Garba shi ne Abubakar ba.

A nan muna so mu ja hankali a kan wani abu. Harkar waya tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Ma'ana, ƙa'idar mallakar layi ɗaya ce a Ibadan da Sakkwato da Fatakwal. Babu jiha ko ƙaramar hukuma da ke da ikon cewa sai ɗan asalin wuri zai yi rajistar layi, kuma sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Rajistar NIN ta farko kyauta ce, kuma a inda kake zaune za ka yi ta, ba sai ka koma garinku ba. Duk wanda aka ce masa ya koma jiharsu, ko aka nemi ya ba da wani abu a ƙarƙashin tebur don shi baƙo ne, ya zo ya sanar da ƙungiya a ranar, kada ya bari sai bayan wata guda.

Wani lokaci kuma umarnin da ake ba kamfani yakan taɓa mu ta inda ba mu zata ba. A farkon watan Satumba na 2021, bisa buƙatar gwamnatin jihar Zamfara, hukumar NCC ta umarci dukkan kamfanoni su kashe turakunsu na sadarwa a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu, a wasu wurare sai da aka yi watanni. Kamfanoni sun yi asarar ciniki, amma ba su da ikon cewa a'a, domin dokar 2003 ta wajabta musu bin irin wannan umarni idan an ce maganar tsaro ce. Mu kuwa mun tuna yadda aka yi. Akwai waɗanda aka yi wa rasuwa ba su ji ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Akwai waɗanda suka tura kuɗin abinci gida, mai POS ba shi da sabis ɗin da zai cire. Muka koma gidan jiya, muna ba direbobi saƙo. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, mutanen can su suka fi mu sanin wannan, amma mu dai ba mu ga an tambayi masu iyali a nesa ba kafin a ɗauke shi.

Sai maganar farashi, wadda ita ce ta fi yi wa iyayenmu mata ciwo. Kamfanin waya ba kamar mai tumatir ba ne da zai wayi gari ya ƙara kuɗi. Sai hukuma ta amince. Tun daga 2013 aka riƙe su a kan ma'auni guda, alhali turakunsu da man dizal suke aiki, kayan aikinsu da dala ake sayowa, jihohi da ƙananan hukumomi kowa na zuwa da nasa haraji, a kan turke, a kan haƙa ramin shimfiɗa waya, a kan janareta. An taɓa yin matsaya cewa kuɗin shimfiɗa waya a gefen hanya kada ya wuce Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama ba su bi ba. Da darajar Naira ta faɗi daga watan Yuni na 2023, sai MTN na Nijeriya ya bayyana asarar Naira biliyan 137 a wannan shekara, da kimanin biliyan 400 a 2024. Kamfanonin suka nemi a ninka farashi. A watan Janairu na 2025 hukuma ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ba mu ji daɗi ba, kuma har yanzu muna ganin wanda aka ƙara wa kuɗi ya kamata a gyara sabis a wuraren da talakawa ke zaune, ba a unguwannin manya kaɗai ba. Amma gaskiya ita ce, ba don akwai hukuma a tsakani ba, da ninkin aka yi mana.

Dokar da ke matse kamfani ta kuma bar mana ƙofofi, sai dai kaɗan daga cikinmu ne ke shiga. In an cire maka kuɗi a kan waƙar kira ko wani saƙo da ba ka nema ba, ka fara kiran kamfanin a lamba 300, ka nemi lambar ƙorafinka ka rubuta a takarda. In ba su gyara ba, ka kira hukumar NCC a 622, kyauta ne, ka ba su wannan lamba. Mun gwada, kuma mun ga an dawo wa mutane da kuɗinsu. In saƙonnin talla sun dame ka, ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442. Tun daga watan Afrilu na 2013 kana da ikon ɗauke lambarka daga wannan kamfani zuwa wancan ba tare da ta canza ba, amma fa sai in layin da sunanka yake. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin maganarka ta waya, kuma akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, don haka ma'aikacin kamfani ba shi da ikon miƙa wa wani mutum bayananka don sun saba.

Ga 'yan ci-rani akwai wani gargaɗi na musamman. Ƙa'ida ta yarda kamfani ya karɓe lambar da aka bari watanni da yawa ba a yi kira ko sa kati ba, ya sayar wa wani. Mutum zai tafi gida noma da damina, ya jefa layin Kudu a akwati, ya dawo bayan kaka ya tarar wani ne ke amsawa, saƙon banki kuma can yake tafiya. Ko katin Naira ɗari ne a riƙa sawa ana yin kira lokaci-lokaci. Wanda kuma ya rabu da wata lamba, ya je banki ya cire ta daga asusunsa. Haka nan kada kowa ya ba da lambarsa ta NIN a yi wa wani rajistar layi, ko ɗan ɗakinsu ne. Ranar da aka aikata laifi da layin, sunan da ke cikin kwamfuta shi jami'an tsaro za su nema, kuma mun san yadda fitar da mutum daga hannu ke da wuya a inda ba shi da dangi.

Saboda haka kwamiti zai zauna a ofishin ƙungiya ranakun Asabar biyu masu zuwa, daga bayan la'asar zuwa magariba. Kowane magidanci ya zo da wayoyin gidansa duka, har da na mata da na yaran shago, tare da takardar NIN ta kowa. Matasanmu masu karatu za su duba ko sunan da ke kan layi ya dace da na katin, harafi da harafi. Waɗanda aka samu da saɓani za a haɗa su rukuni-rukuni, a sa wanda ke jin Yarbanci da Turanci ya raka su ofishin da ya dace. An tanadi ɗaki dabam domin mata, kuma 'yan'uwansu mata ne za su duba musu. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, Malam Sakatare zai ba shi dama.